Gamba: Tarihin Ciyawar da Ta Ƙetare Teku da Sunanta na Hausa

A birnin Darwin da ke arewacin Ostareliya akwai kalmar Hausa guda ɗaya da kusan kowa ya sani, tun daga ma'aikacin kashe gobara har ɗan majalisa. Kalmar ita ce gamba. Ana rubuta ta a allunan gargaɗi, ana ware mata kuɗi a kasafin gwamnati, kuma tun shekarar 2008 hukumomin yankin suka sanya ta cikin jerin miyagun tsirrai da doka ta hana sayarwa ko yaɗawa. A Kudancin Amurka kuwa, ita wannan ciyawa aka yi wa maraba a 1980, aka raɗa mata sababbin sunaye, aka shuka ta a makiyayun da sauran ciyayi suka kasa. A ƙasar Hausa, inda sunan ya samo asali, tana raguwa a hankali ba tare da an damu ƙwarai ba.

Halin gamba bai sauya ba a duk wuraren nan uku. Abin da ya bambanta shi ne mutanen da ke zaune da ita: ko suna yankanta, ko suna kai mata shanu a kan kari, da kuma watan da wuta ke tarar da ita. Masu binciken da suka ɗauki irinta suka tsallaka teku da shi sun bar wannan sani a baya, tarihinta na shekaru kusan ɗari da suka wuce kuma labarin abin da ya biyo bayan haka ne.

Yadda aka halicce ta

Masana tsirrai suna kiran gamba Andropogon gayanus. Kalmar farko daga Girkanci take, ma'anarta gemun namiji, saboda gashin da ke jikin furenta. Sunan ya fito daga hannun masanin tsirrai Bajamushe Carl Kunth a farkon rabin ƙarni na 19. 'Yar dangin dawa ce da rake da masara, kuma tana fitowa da kanta a faɗin dajin Afirka mai ciyawa, daga Senegal har Sudan, ta gangara kudu.

Ciyayin daji iri biyu ne. Akwai masu rayuwar damina ɗaya, kamar ƙarangiya da kyasuwa da burburwa, waɗanda ke zubar da iri da kaka su mutu, sai ruwa ya sauka 'ya'yansu su tsiro. Akwai kuma masu tushe, waɗanda samansu ke bushewa da rani amma gindinsu na nan da rai. Gamba tana cikin na biyun. Tushenta kan yi faɗi ya dunƙule, karanta kuma kan kai mita uku, wani lokaci har huɗu idan ƙasa ta karɓe ta.

Sirrin jurewarta yana ƙarƙashin ƙasa. Binciken da B. N. Bowden ya wallafa a farkon shekarun 1960 ya nuna cewa saiwarta kashi uku ce. Akwai sirara da ke bazuwa dab da fuskar ƙasa, masu tsotse yayyafin farko kafin rana ta ƙafar da shi. Akwai masu kauri kamar igiya, waɗanda ke riƙe tushen su kuma adana abinci. Sai waɗanda ke nutsewa tsaye su nemo laimar da ta rage can ƙasa bayan damina ta wuce. Da wannan tsari take iya jure rani na wata tara, ta rayu a inda ruwan shekara bai wuce milimita 400 ba, ta kuma yi toho tun kafin sauran ciyayi su farka. Wuta ma ba ta cika kashe ta ba, domin idanun tohonta suna can gindi, inda harshen wuta ke wucewa ta sama.

Zamanta da mutanen ƙasar Hausa

Kafin kwano da bulo su yawaita, gamba tana cikin kayan da ake gina gari da su. Da karanta ake saƙa zana, da zana kuma ake kewaye gida, a raba cikin gida da waje, a yi rumfa, a kāre makewayi, a lulluɓe rumbu. Baƙon da ya sami fili a sabon ƙauye yakan fara da ɗakin zana kafin ya kai ga na ƙasa. Almajirai kan feƙe alƙalami daga sillenta. Yankan gamba da saƙar zana sana'o'in rani ne da magidanta ke samun kuɗin cefane da su, har yau kuma ana kai damman gamba da naɗaɗɗun zana kasuwannin ƙauye a Katsina da Jigawa da Maraɗi da Damagaram.

A gona, manomi kan bar layin gamba a kan iyaka. Tushen da ba ya mutuwa da rani shaida ce da ba ta gushewa, don haka yana rage gardama tsakanin maƙwabta, yana kuma tare yashin da iska ke kwasa. A zamanin da ake barin gona ta huta, manoma sun san cewa ciyayin damina ɗaya ne ke fara mamaye saura, gamba ba ta dawowa sai bayan shekaru. Dawowarta alama ce cewa ƙasa ta farfaɗo, ana iya sake sa mata garma.

Ga Fulani makiyaya, darajarta tana cikin lokacin da take samuwa. A ƙarshen rani, lokacin da shanu suka rame kuma karan gona ya ƙare, tohon gamba yana cikin ɗanyen abincin farko da suke samu. Ganyenta yana da daɗi ga dabba muddin yana ƙarami. Idan ta tsufa ta yi kara, amfaninta ga dabba ya ragu ƙwarai, a lokacin ne kuma mai lauje ke buƙatarta.

Idan aka haɗa waɗannan, za a ga cewa da wuya gamba ta kai tsakiyar rani a tsaye da cikakken nauyinta a kusa da gari. Shanu sun ci wani kashi da damina, masu zana sun yanke wani da kaka, abin da ya saura kuma sau da yawa an sa masa wuta tun da sauran laima a jikinsa, don a samu sabon toho. Ba wata hukuma ce ta tsara haka ba. Buƙatun mutane daban-daban ne suka haɗu suka zama linzami a bakin ciyawar.

Daga ƙamus zuwa gonar gwaji

Da Turawan mulkin mallaka suka kafu a Arewa, suka shiga tattara sunayen tsirrai da amfaninsu. Wani likita ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a arewacin Nijeriya, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Ta irin wannan hanya sunayen Hausa suka shiga rubuce-rubucen masana aikin gona na Turanci. Shi ya sa har yau ba gamba kaɗai ba, kyasuwa ma da sunanta na Hausa ake kiranta a littattafan kiwo na ƙasashen waje.

A 1928 aka buɗe gonar kiwo a Shika, kusa da Zariya, don inganta shanun gida. Nan da nan aka gane cewa babbar matsalar ita ce abincin rani, don haka aka shiga gwada ciyayi na gida da na waje. Wurin ya koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, a 1976 kuma ya zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da aka sani da NAPRI. Gamba tana cikin ciyayin da aka fi yin nazari a kansu a can: yawan abin da take bayarwa a hekta, yadda take amsa taki, da yawan yankan da za ta iya jurewa a damina ɗaya.

Wannan zamani ne da hukumomin noma na ƙasashe masu zafi ke musayar iri ba tare da wani shakku ba. Ana ɗaukar tsiro a matsayin kaya: idan ya yi amfani a nan, zai yi a can. Ta haka bishiyar turare ta baro Ostareliya ta zo ta zama shingen tare iska a Kano da Jigawa, darbejiya ta zo daga yankin Indiya, gamba kuma ta bi hanya ta fita.

Kudancin Amurka: inda aka yi mata maraba

A gabashin Kolambiya akwai shimfiɗaɗɗen daji mai ciyawa da ake kira Llanos, a tsakiyar Barazil kuma akwai Cerrado, wanda ya fi shi girma nesa. Dukansu suna samun ruwa mai yawa da damina, sannan rani ya biyo baya. Ƙasarsu tana da tsami, da sinadarin alminiyam mai ƙona saiwar tsirrai, da ƙarancin fosfaras. Ciyayin asali na wurin ba sa ƙosar da dabba, har sai an bai wa saniya ɗaya hektoci masu yawa.

A 1973 cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ake kira CIAT, wadda ke kusa da birnin Cali, ta karɓi irin gamba daga Shika, ta sa masa lamba 621. Aka gwada shi a tashar Carimagua da ke Llanos, ya jure tsamin ƙasa, ya jure rani, ya yi toho bayan wuta. Ya kuma zo a kan gaɓa. Makiyayun Barazil a lokacin sun dogara ga wata ciyawar Afirka mai suna Brachiaria, wadda wani ƙwaro mai tsotse ruwan tsiro, mai lulluɓe kansa da kumfa, yake yi wa ɓarna mai yawa. Gamba ba ta damu da wannan ƙwaro ba.

A 1980 Kolambiya ta saki irin ga makiyaya da sunan Carimagua 1, Barazil kuma da sunan Planaltina, sunan garin da cibiyar binciken Embrapa take a kusa da Brasília. Wasu ƙasashe suka biyo baya cikin shekarun 1980, kowace da sunan da ta zaɓa: Sabanero a Benezuwela, Veranero a Panama, Llanero a Meziko. Duka asalinsu wannan iri ne na Shika. A 1994 wasu masu binciken CIAT suka wallafa a mujallar Nature cewa gamba da wata 'yar'uwarta masu zurfin saiwa suna tara iskar kabon mai yawa a ƙarƙashin ƙasa a Carimagua, abin da ya jawo hankalin masu nazarin sauyin yanayi.

Nasarar ba ta zo babu tangarɗa ba. A Llanos tururuwa masu yanke ganye sun addabi sababbin shuke-shuke. Makiyaya kuma sun gano abin da Fulani suka daɗe da sani, cewa idan aka yi jinkirin sa mata shanu sai ta yi kara, dabba ta ƙi ta. A Barazil ta tsallake shingen makiyayu ta bi gefen tituna, yanzu kuma ana lissafa ta cikin baƙin ciyayin da ke cin wuraren da aka keɓe don kāre tsirran Cerrado, har da gandun dajin da ke Brasília. Duk da haka, a inda ake kiwo sosai, bakin shanu ya maye gurbin lauje.

Ostareliya: inda linzami ya kuɓuce

Gamba ta riga ta isa Ostareliya tun 1931, ta hannun hukumar binciken kimiyya ta ƙasar, wadda daga baya ta zama CSIRO. An gwada ta a tashar Katherine daga shekarun 1940, aka yi ta zaɓen iri har aka samu wanda ya dace da yankin, aka sake shi a 1978 da sunan Kent. Cikin shekarun 1980 jami'an gona suka ƙarfafa wa masu garkunan shanu gwiwa su shuka shi, domin hektar gamba tana ɗaukar shanu ninkin-ba-ninkin abin da ciyawar asali ke ɗauka.

Arewacin Ostareliya ya yi kama da dajin tsakiyar Nijeriya ta fuskar yanayi: damina mai ƙarfi daga Nuwamba zuwa Afrilu, sai rani mai tsawo. Bambancin yana wajen mutane. Ƙasar faɗi gare ta, jama'a kaɗan ne, babu mai saƙa zana, babu mai jinka, shanu kuma ba su kai yawan da za su danne ciyawar a ko'ina ba. Tushe ɗaya yana iya zubar da dubun dubatar 'ya'ya marasa nauyi, iska ta kwashe wasu, motoci da injinan yankan ciyawar gefen titi su kai wasu nesa. Cikin 'yan shekaru gamba ta fita daga makiyayu ta shiga dajin da ba a kiwo.

Dajin nan ya saba da wuta. Dubban shekaru 'yan asalin ƙasar suna ƙona shi kaɗan-kaɗan a farkon rani, ciyayinsa kuma marasa nauyi ne, wutarsu na bi ta ƙasa ta wuce ta bar bishiyoyin turare a tsaye. Gamba ta rushe wannan daidaito ta hanya biyu. Tana tara busasshen abu ninki huɗu ko fiye na abin da ciyayin asali ke tarawa. Sannan, saboda saiwarta mai zurfi, tana daɗewa ɗanya, ba ta bushewa sai ƙarshen rani, lokacin da zafi da iska suka fi tsanani. Wani bincike da Natalie Rossiter da abokan aikinta suka wallafa a 2003 ya auna cewa zafin gobarar gamba ya kai ninki takwas na gobarar ciyayin asali. Harshen wutar yana kaiwa kan bishiya ya cinye ta. Idan bishiyoyi suka mutu, rana ta samu fili, gamba ta ƙara yawa, gobarar baɗi ta fi ta bana. A wasu wurare kusa da Darwin, rabin inuwar bishiyoyi ta ɓace cikin shekara 12.

Wato baiwar da ta sa aka ɗauko ta, jure rani da tashi bayan wuta, ita ce ta zama masifar. Ba ita kaɗai ba ce kuma. Wani masani, W. M. Lonsdale, ya lissafa a 1994 cewa daga cikin tsirran kiwo 463 da aka shigo da su arewacin Ostareliya tsakanin 1947 da 1985, guda 21 ne kawai suka yi amfani, 60 suka zama miyagun ciyayi, kuma huɗu ne kacal suka yi amfani ba tare da sun zama matsala ba.

Hukuma ta yi jinkirin motsawa, domin masu shanu suna cin moriyar ciyawar, masu kāre daji da mazauna gefen gari kuma su ke kwana da tsoron gobara. Sai a 2008 aka ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa a yankin Arewa da Queensland da Yammacin Ostareliya. A 2009 gwamnatin tarayya ta sanya ta, tare da wasu ciyayi huɗu, cikin abubuwan da ke barazana ga halittun ƙasar. Ɗaya daga cikin huɗun nan kyasuwa ce. A 2012 gamba ta shiga jerin miyagun tsirrai masu muhimmanci ga ƙasa baki ɗaya. Yau gwamnati na raba wa masu filaye maganin feshi kyauta, ana kashe gobara da jirage masu saukar ungulu a kewayen garin Batchelor, an kuma kafa rundunar ma'aikata a 2020 da ake kira Gamba Army. Duk da haka ciyawar ta ci wani babban yanki na gandun dajin Litchfield.

A gida: raguwa ba tare da hayaniya ba

A daidai shekarun da Ostareliya ke fama da yawanta, ƙasar Hausa tana rasa ta. Dalili na farko fari ne. Farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1985, sun kashe tushen ciyayi masu daɗewa a wurare da yawa na Sahel, ciyayin damina ɗaya suka maye gurbinsu. Gamba tana jure rani mai tsawo, amma damina mai rauni shekara bayan shekara, ga dabbobi masu yunwa suna cinye kowane toho da ya leƙo, ta fi ƙarfin abincin da ta adana a saiwa. Irinta kuma ba ya daɗewa da rai a cikin ƙasa, don haka idan tushe ya mutu a wuri, babu ajiyar da za ta tashe shi.

Dalili na biyu ƙarancin fili ne. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum kusan miliyan 56, yau sun haura miliyan 200. Nijar tana da mutum miliyan uku da 'yan kai lokacin samun 'yancin kai a 1960, yanzu ta wuce miliyan 25. Saura ta gajarce, a wurare da yawa ma ta ƙare, ciyawar da ke buƙatar shekaru kafin ta kafu kuwa ba ta da wurin zama a gonar da ake nomawa kowace damina. Dokar keɓe makiyayu ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi nufin kāre wuraren kiwo, amma da yawa daga cikin makiyayun da burtalan an mayar da su gonaki. Dabbobi suka matsu a ɗan abin da ya rage, suna cin gamba tun tana ƙarama ba tare da hutu ba.

Dalili na uku sauyin gini ne. Wanda ya yi katangar bulo ya rufa kwano ba shi da dalilin kula da layin gamba a iyakar gonarsa. A inda zana ke da kasuwa, kamar ƙauyukan kudancin Nijar, manoma suna tsare tushensu har suna dasa sabo. A inda kasuwar ta mutu, garma ta cinye iyaka.

Linzamin da ya yi wa Ostareliya ƙaranci, a nan ya yi tsauri har ya shaƙe ciyawar. Masu bincike sun lura da haka tun bayan fari. A cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, an gwada layukan gamba a gonakin gero a ƙarshen shekarun 1980, aka ga suna tare yashin da guguwar farkon damina ke kwasa, wanda kan binne ƙananan shuka. A Yatenga ta Burkina Faso manoma suna dasa ta a jikin jerin duwatsun da suke shimfiɗawa don rage gudun ruwa. Duka biyun komawa ne ga abin da manomin Hausa ya saba yi a iyakar gonarsa.

Lambun da ba ya jiran famfo

Akwai wani fili da tarihin nan ya shafa, wato harabar gidaje da ofisoshi a birane. Shimfiɗaɗɗiyar koriyar ciyawa da ake askewa, al'ada ce da ta zo da Turawa daga ƙasa mai yayyafi duk shekara, ta zauna a unguwannin GRA, daga nan ta zama alamar wadata. A Kano ko Abuja ko Yamai, riƙe ta koriya daga Nuwamba zuwa Mayu yana nufin ban ruwa kusan kullum daga rijiyar burtsatse, a garuruwan da maƙwabta ke sayen jarka daga hannun 'yan garuwa.

Busassun yankunan Amurka sun riga sun fara juya wa wannan al'ada baya. A 1981 hukumar ruwa ta birnin Denver ta fito da tsarin lambu mai ƙarancin shan ruwa, wanda ya dogara ga tsirran asali na yankin. A 2021 jihar Nevada ta kafa dokar da za ta hana shayar da ciyawar ado da ruwan kogin Colorado a yankin Las Vegas daga 2027. Cikin ciyayin da masu lambu ke komawa gare su a can akwai Andropogon gerardii, 'yar gida ɗaya da gamba. Darasin da suka ɗauka shi ne a nemi abin da ya saba da ruwan wurin da ƙasarsa, kuma a ƙasar Hausa gamba tana sahun gaba a wannan jeri.

Ba ciyawar takawa ba ce. Wanda ke son filin da yara za su yi wasa sai ya nemi kiri-kiri, wadda ita ma ta saba da rani. Wurin gamba shi ne jikin katanga, da iyakar makaranta ko asibiti, da gangaren titi, da bakin kwazazzabon da ruwa ke ci. Hanyar dasa ta mafi sauƙi ita ce a tsaga tsohon tushe a binne da damina ta kankama, domin irinta mai gashi yana da wuyar shukawa kuma ba duka ke tsirowa ba. Idan ta kama a daminar farko, ba ta ƙara neman ban ruwa.

Sharaɗin kuwa shi ne wanda Darwin ta koya da tsada. Dole a yanke ta da kaka, kafin ta bushe a tsaye, a kuma bar tazara tsakaninta da gini ko wayar lantarki. Gamba da aka bari ba yanka maɓoyar macizai ce da damina, makamashi ce da hunturu. Sa'ar da ake da ita a nan ita ce abin da aka yanke ba shara ba ne: mai saƙa zana zai saya, mai tumaki zai karɓi ganyen. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, in ji masu iya magana, kuma gargaɗin ya shafi baƙin tsirran ado da ake shigowa da su yanzu ba tare da an tambayi abin da ke danne su a ƙasarsu ta asali ba.

Irin da ya bar Shika a 1973 yana nan a ajiye a taskokin iri na ƙasashen waje da lambarsa, an rubuta tarihinsa dalla-dalla. Ire-iren gamba da ke iyakokin gonakin Daura da Gumel da Tasawa, waɗanda suka tsira daga fari biyu, ba su da mai tsaronsu sai manoman da har yanzu ke ganin amfanin barinsu. Muddin zana tana da kasuwa kuma ana daraja iyakar gona, za su ci gaba da toho duk farkon damina. Idan waɗannan biyu suka gushe, wanda ke neman gamba mai yawa nan gaba zai fi samunta a gefen titin Darwin fiye da hanyar Zariya.